SIGARI "MAI SAUƘI": ME LAMBAR JIKIN KWALI TAKE ƁOYEWA?



Matasa suna yawan turo min wannan tambayar: "Malam, na bar mai ƙarfin na koma mai sauƙi, wadda kwaltarta da nikotin ɗinta kaɗan ne. Hukuncin ya sassauta?" Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. To bari mu san shi tukuna.

Nikotin shi ne ƙugiyar. Yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, shi ne ke sa mutum ya kasa bari. Kwalta kuma ita ce dattin nan mai danƙo da ke rina haƙora da yatsu, sannan ta kwanta a huhu. A hayaƙin sigari akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji.

To, lambar da kamfani yake bayarwa, kwalta miligiram kaza, nikotin kaza, wa ya auna? Inji ne. Ana maƙala masa karan, ya yi zuƙa ɗaya ta daƙiƙa 2 a kowane minti. Sai kamfanoni suka huda ƙananan ƙofofi a jikin filta, iska tana shiga tana tsinka hayaƙin, inji ya nuna lamba ƙarama. Amma kai ɗan uwa, leɓenka da yatsunka suna toshe ƙofofin nan ba ka ma sani ba. Kuma jikinka sai ya cike nikotin ɗin da ya saba: ka zurfafa zuƙa, ka riƙe hayaƙin, ka sha har gindi, ka ƙara kara. An gudu ba a tsira ba kenan.

A 2001 Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka ta fitar da rahoto cewa babu gamsasshiyar hujja da ta nuna irin wannan sigarin ya rage cuta a cikin al'umma. A 2006 wata kotun tarayya a Washington, ƙarƙashin Mai Shari'a Gladys Kessler, ta tabbatar manyan kamfanonin taba sun san haka tuntuni amma suka yaudari mutane. Daga 2010 aka hana rubuta kalmomi irin su "mai sauƙi" a kwalin sigari a Amurka.

Wani zai ce, to na rage yawa mana. Bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2018 ya nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da wajen rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da ke kan mai shan kara 20. Kara ɗaya fa!

Yanzu mu dawo kan hukunci. Malamai masu yawa na wannan zamani sun tafi a kan haramcin shan taba, kuma babban dalilinsu shi ne cutarwa, ga mai sha da iyalinsa da ke shaƙar hayaƙin. Hukunci yana tafiya ne tare da dalilinsa. Tunda cutarwar tana nan, canza launin kwali bai canza komai ba.

Ban faɗi haka don wani ya yanke ƙauna ba. Wanda ya daina, bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciyarsa yana raguwa sosai, bayan shekara 10 kuma haɗarin mutuwa da dajin huhu yana komawa kusan rabi. Ka tsayar da rana, ka sanar da abokanka, ka ƙaurace wa majalisar da ake busawa. In abin ya gagara ka ga likita, akwai cingam da abin mannawa a fata masu rage ƙishin nikotin ba tare da kwalta ba.

Allah Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya kare mana zuriya. Wallahu a'alam.