Miyar Wake da Bandar Kifi: Shawarwari ga Uwargida

Alhazan da suka ci miyar adas a Makka ko Madina sukan dawo suna yabonta. Mu a Kirikasamma ba sai mun nemo adas daga nesa ba. Farin waken da ake girbewa da kaka, da tarwaɗar da masunta ke kamawa a fadamun Haɗejiya zuwa Nguru, sun isa a yi miyar da a ganina ta fi waccan daɗi.

1. Gyaran miya daga kasuwa yake farawa. Ki ɗebi waken a tafin hannu ki shinshina. In kin ji warin magani, ki bar shi komai arharsa. Wasu 'yan kasuwa na zuba wa wake maganin ƙwari mai sinadarin diklobos, kuma a kan haka ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da aka ƙi a can bai kamata ya shiga tukunyar 'ya'yanmu ba. Naki na gida ki adana shi a buhun PICS mai ninki uku, ko a busasshiyar jarka mai murfi gam. Rashin iska kaɗai yana kashe ƙwarin.

2. Kada ki yi ƙyuyar surfe, nan ne miyar take. Jiƙa waken na minti biyar zuwa goma kawai, ki zuba a turmi ki surfa a hankali, ba daka ba. Sai ki wanke, kina tsiyaye ɓawon da ya taso, har waken ya fito fari tas. In ya daɗe a ruwa, farfashewa zai yi a turmi ya bi ɓawon a zubar.

3. Kanwa 'yar kaɗan ta isa. Ta yi yawa, miya ta canza launi, ɗanɗano ya tafi, ta kuma lalata wani sashe na bitamin B da ke cikin waken.

4. Dafa waken da albasa shi kaɗai tukuna. Tsamin tumatir yana hana wake nuna da wuri, don haka ki soya jajjagen tattasai, attaruhu da tumatir daban a manja, da daddawa da citta, sai waken ya yi lugub sannan ki haɗa.

5. Kafin ki sa kifi, ki burka waken da maburgi har ya narke. Bandar kuwa a wanke ta da ruwan zafi saboda yashi da toka, a zare ƙaya tsaf domin yara, a zuba daga ƙarshe don kada ta dagargaje. Rage wuta, ki riƙa juyawa, wake ba ya wuyar kamu.

6. In an kawo miki tsarabar jan adas, ba ya buƙatar surfe ko kanwa, minti 20 ya nuna.

7. Da tuwon shinkafa ta fi tafiya, ga shinkafar fadama a ƙofar gida. Sai dai miyar wake tana saurin tsami, musamman da bazara. Wadda ta rage da dare ki tafasa ta sosai, kada a sake sa ludayi a ciki, da safe a kuma tafasawa kafin a zuba wa kowa.