Me Ya Sa Sabis Ke Raguwa Idan Ka Yi Nisa Da Ƙarfen Sabis?

Duk wanda ya saba fita daga Dutse zuwa Kiyawa ko Jahun ya san yadda sandunan sabis ke zubewa a hanya, 4G ta koma 3G, wani lokacin har E. Yau za mu duba dalili.

Nisa kaɗai ya isa

Wayarka da ƙarfen sabis suna magana ne ta igiyar rediyo. Ko babu gini ko bishiya a tsakani, saƙon zai yi rauni, domin bazuwa yake yi. Kamar hasken tocila ne: kusa da bango yana da ƙarfi, kana ja da baya yana faɗaɗa yana dusashewa.

Idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin da waya ke samu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ya ninka goma, ɗaya cikin ɗari. Injiniya Harald Friis ya fitar da lissafin wannan a Amurka a 1946.

Da dB ake auna asarar. A kan mita 900MHz, a fili fetal:

- Kilomita 1: kusan 91.5dB
- Kilomita 2: kusan 97.5dB
- Kilomita 10: kusan 111.5dB

Wato duk ninki biyu na cin 6dB.

Mita ma na da tasiri

Mita 3500MHz, wadda NCC ta yi gwanjonta don 5G a Disambar 2021, tana asarar kusan 103dB a kilomita ɗaya. Da eriya iri ɗaya, abin da zai iso maka ya gaza na 900MHz kusan sau 15. Shi ya sa 5G ke buƙatar ƙarafa kusa-kusa, ƙananan mitoci kuwa su suka fi kai wa ƙauyuka.

Wannan fa lissafin fili ne. Duwatsun Dutse, katanga da rufin kwano kowanne na ƙara nasa.

Auna naka

A yawancin wayoyin Android, shiga Settings, About phone, sannan SIM status. Za ka ga lamba mai alamar ragi. A 4G, -80dBm na da kyau, -110dBm kuwa ya yi rauni sosai.

Abin yi

- Kafin ka sayi layi ko MiFi, auna lambar kowane kamfani a gidanku ko shagonka. Mai POS ya kula sosai, ciniki na iya tsayawa a kan wannan.
- Ajiye MiFi a sama, kusa da taga mai fuskantar ƙarfen sabis.
- Inda sabis ya yi rauni, waya na ƙara ƙarfin aika saƙo, batir ya riƙa saurin sauka. Idan ba ka jiran kira, sa ta a Airplane mode.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.