Sauya shugaban gidan talabijin na dawo da masu kallo?

Wani mai sauraro daga Tanut, a ƙasar Damargu, ya aiko da wannan tambaya. To Malam, ga amsa.

Hukumar rediyo da talabijin ta Nijar, ORTN, an kafa ta a 1967, yanzu kuma sunanta RTN. Gwamnati ce ke naɗa babban daraktanta, shi ya sa mai kallon tasharta, Télé Sahel, kan ɗauki sabon naɗi a matsayin harkar Yamai. Manomin gero a Belbeji abin da ya dame shi daban ne: hoto ya fito tsaf, a ji labarai da Hausa ko Tamajak, a ambaci farashin tiya da damina. In bai samu ba, sai ya juya akala zuwa tashar Dounia ko ta Ténéré, ko ya koma WhatsApp.

A Amurka ma an gwada sauya shugaba. CNN ta ɗauko Chris Licht ya shugabance ta a 2022, masu kallo suka yi wa tashar ca bayan zaman da ta shirya da Donald Trump a Mayun 2023. Wata guda bayan haka aka sallami Licht, Mark Thompson, tsohon shugaban BBC, ya gaje shi.