Amsoshin Tambayoyinku: Ina matasa za su samu bayanin lafiya a intanet?

Wata malama daga Mairuwa a ƙaramar hukumar Faskari, wadda ta nemi a sakaya sunanta, tana tambaya: ina ɗalibanta za su samu ingantaccen bayani kan balaga da lafiyar jiki?

To Malama, mun gode. Akwai dandalin U-Report na hukumar UNICEF, wanda ke aiki a Najeriya tun 2014. U-Report ba sai da data ba, ko da ƙaramar waya ana shiga ta saƙon tes, kyauta. Makarantar da ke da kwamfuta kuma tana iya buɗe shafin Hukumar Lafiya ta Duniya, sai dai babu Hausa a ciki.

Shawararmu, ki fara karantawa da kanki. Ki zaɓi darasi guda, kamar tsaftar al'ada, ko rigakafin sankarar bakin mahaifa da ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ki rubuta shi da Hausa a kwali, a manna a bangon aji ko ɗakin karatu, saboda ranar da sabis ya ɗauke. Ki sanar da shugaban makaranta da iyaye tun farko. Wanda ba shi da lafiya kuwa, asibiti za a kai shi. Allah ya taimaka, Malama.