Halin Mai Bi Idan Ya Tafi Kallo a Ƙasar Wasu

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:16-34; Markus 13:1-2.

Ya mai karatu, mutanen ƙasar Faskari ba baƙin tafiya ba ne. Mutum yakan tashi daga kasuwar Sheme ya bi ta Katsina, ya ƙetare iyaka a Jibiya, ya sauka Maraɗi. Waɗansu kuwa sukan zarce har Damagaram da Agadas. Wanda ya gama cinikinsa yakan so ya ga abubuwan mamaki na garin kafin ya juyo gida. Wannan ba laifi ba ne, gama Allah ne ya ba mutum ido. Amma ka riƙe magana ɗaya: mai kallo, shi ma kallonsa ake yi. Da yawa cikin masu gari ba su taɓa karanta Linjila ba. Halinka za su karanta.

1. Ka duba da natsuwa. A Agadas akwai babban masallaci wanda aka gina wajen shekara ta 1515, aka sabunta shi a 1844. Hasumiyarsa ta ƙasa ce, tsawonta mita 27, ta ɗara Gobarau ta Katsina nesa ba kusa ba. Itatuwan da suka fito daga jikinta ba ado kaɗai ba ne: su ke riƙe ginin, a kansu kuma magina ke takawa lokacin yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihi na duniya. Mai gaggawa zai ce, “Ai tulin ƙasa ne,” ya wuce. Mai hankali yakan tsaya, ya tambaya, ya yabi Mahaliccin da ya ba magina wannan hikima.

2. Ka girmama masu wuri. Manzo Bulus ya isa Atina, ta ƙasar Girka, wajen shekara ta 50. Ya zaga birnin, ya ga gumaka ko'ina, ransa kuwa ya ɓaci ƙwarai. Duk da haka bai yi zagi ba, bai yi ba'a ba. Ya duba wuraren sujadarsu ɗaya ɗaya, har ya karanta rubutun wani bagadi da aka keɓe wa allahn da ba su sani ba. Sa'ad da aka kai shi gaban majalisa, daga abin da idonsa ya gani ya soma yi musu wa'azi, waɗansu kuwa suka ba da gaskiya. Da ya yi kallo da reni, da bai sami ƙofar magana ba.

To, idan Bulus ya kame bakinsa a gaban gumaka, balle kai a ƙofar masallacin maƙwabtanka, inda watakila iyayenka ma za su so su yi salla? Ka nemi izini kafin ka shiga. Ka tuɓe takalminka. Kada ka je lokacin salla. Idan aka ce ka tsaya waje, ka tsaya, kada ka yi gardama. Kada ka ɗauki hoton mutum sai da yardarsa, kada kuma ka karce sunanka a bangon da wasu suka yi gumi suka yaɓe. Wanda ya yi maka jagora, ka biya shi abin da kuka yi alkawari, ba ragi. Idan an tambaye ka addininka, ka faɗa da tawali'u. Kada ka ɓoye, kada kuwa ka tsokani kowa.

3. Ka tuna gini mai shuɗewa ne. Wata rana wani almajiri ya nuna wa Yesu manyan duwatsun Haikalin Urushalima, yana mamaki. Ubangiji ya faɗa masa za a rushe su duka, haka kuwa ya faru a shekara ta 70, da Romawa suka ci birnin. Ka yi mamakin aikin hannun mutum, amma kada zuciyarka ta kwanta a kansa.

Sa'ad da ka komo Faskari, ka ba da labari daidai yadda ka gani. Kada ka ƙara gishiri, kada ka rena wanda bai taɓa wuce Funtuwa ba. Ita ma ƙaryar matafiyi ƙarya ce a gaban Allah.

Tambayoyi
1. Me Bulus ya yi kafin ya buɗe baki a Atina?
2. Me za ka yi idan an hana ka shiga wani wuri?
3. Wane labari masu masaukinka za su bayar bayan tashinka?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka kiyaye fitarmu da komowarmu. Ka tsarkake idanunmu da harsunanmu, domin kada a zagi sunanka sabili da mu a ƙasar baƙunci. Amin.