ME ƊANKA KE GANI A HANNUNKA?



'Yan uwa, darasin yau da kaina zan fara, don kada wani ya ce malam na jifa. Kwanakin baya na dawo daga sallar Isha, sai na tarar da ƙaramar 'yata ta hau buzuna ta harɗe, ta ɗauki wani guntun katako tana goga masa yatsa tana murmushi. Na ce me kike yi? Ta ce, "Ni Baba ce." Wallahi jikina ya yi sanyi. Ga littattafai cike da ɗakin, amma yarinya ba ta ɗauki ko ɗaya ba, domin ba shi ta saba gani a hannuna ba. Ni muɗala'ata a masallaci nake yi. Abin da nake shigowa da shi gida waya ce.

Sai na tuna mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Manomi ne a nan ƙasar Kafur, bai yi boko ba, karatunsa bai wuce Ishmawi ba. Amma kullum bayan Magariba zai jawo gafakarsa ya zauna gaban fitila yana tilawa, mu kuma muna gefe da allunanmu. Idan kaka ta yi, da ajami yake rubuta buhunan masara da auduga da bashin taki. Da na fara iya rubutu sai ya miƙo mini alƙalamin ya ce, "Daga yau kai ne magatakarda." Ranar na ji rubutu abu ne na manya. Ban taɓa jin ya yi mana wa'azi kan karatu ba, ganinsa kawai muke yi.

Magabatanmu ma haka suka tashi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, a wurin mahaifinsa Muhammadu Fodiyo ya fara karatun Alƙur'ani. Ƙanensa Abdullahi, da ya zo lissafa malamansa a littafinsa Ida'un Nusukh, da mahaifin nasu ya fara. Sannan ku dubi 'ya'yan da Shehu ya tarbiyyantar. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisur, wanda har yau masu tarihin jihadi ba su da makawa sai sun koma masa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, tana tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata. Shehu bai ware 'ya'ya mata ba. Hasali ma a Nurul Albab ya soki malaman da ke tara ɗalibai a waje, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ashe dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To mu fa yau? Uba zai biya kuɗin Islamiyya da na boko, ya ga ya sauke nauyi. Da an yi Magariba ya wuce majalisa ko teburin mai shayi, sai yara sun yi barci ya dawo. Idan sakamako ya fito ba kyau, laifin malami ne ko na uwa. Alhali hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna magidanci makiyayi ne a gidansa, kuma za a tambaye shi. Sannan wahayin farko, a Suratul Alaƙ, da umarnin karatu ya sauka, aka kuma ambaci alƙalami a cikinsa.

Na san wani zai ce, "Malam, ni ban yi karatu ba, me zan koya masa?" Ɗan uwa, ba sai ka iya ba. Zauna ka ce ya biya maka ƙarin da aka yi masa yau, ka saurara har ya kai ƙarshe. Ba shi takardar asibiti ko buhun taki ya karanta maka. Idan ka kai hatsi kasuwar Malumfashi ko Funtuwa, sa shi ya rubuta lissafin, ka kuma taho masa da littafi ɗaya ko da ƙarami ne. Idan ya yi kuskure kada ka yi masa dariya, kada ka sa bulala. Yaron da duk aka buɗe littafi sai ya sha duka, ƙin littafin zai yi. Kuma 'yarka mace ta samu irin kunnen da ka ba ɗan uwanta.

Ni dai tun daga daren nan na sa wa kaina doka: tsakanin Magariba da Isha, in na idar da sallah, wayata na aljihu, littafi na hannu, yara na gefe. Ban ce na iya kiyayewa kullum ba, amma ina ƙoƙari. Ku ma ku jarraba na wata guda ku gani.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su fi mu ilimi da aiki da shi. Wallahu a'alam.