FARIN CIKI DA WADAR ZUCI A KOWANE HALI



In aka tashi daga Misa ranar Lahadi, muka tsaya gaisuwa a ƙofar majami'a, kowa ka tambaya sai ya ce, "Lafiya lau, mun gode Allah." Amma labarin zuciya a tambayi fuska. Wani kuɗin makarantar yara ne ya hana shi barci. Wata tana lissafin mudun masarar da ya rage a gida. Wani kuma gonarsa ta gagare shi zuwa saboda tsoron masu garkuwa da mutane. Ga shi kuwa a cikin majami'ar an karanta mana cewa mu yi farin ciki cikin Ubangiji kullum. Ba laifi ba ne mai bi ya tambaya a ransa: wannan umarni, har da ni ake nufi, ko don waɗanda rumbunsu ya cika ne kawai? Domin amsa wannan tambaya, karatunmu na wannan wata ya fito daga Wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Filibiyawa, sura 4, aya 4 zuwa 13.

Wanda Ya Rubuta, da Inda Ya Rubuta

Filibi birni ne a ƙasar Makidoniya, wadda take arewacin Girka ta yau. Bulus ya isa can wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Ubangijinmu, tare da Sila. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 16, ya ba mu labarin abin da ya same su. Bulus ya fitar da mugun ruhu daga wata baiwa mai duba, iyayengijinta suka ga hanyar samunsu ta toshe, suka ja su gaban mahukunta. Aka tuɓe su, aka yi musu dūka da sanduna, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare, da raunuka a bayansu, suna addu'a suna raira waƙoƙin yabo ga Allah, sauran 'yan sarƙa suna sauraro. A daren nan ne aka yi girgizar ƙasa, yarin kurkukun ya ba da gaskiya, aka yi masa baftisma shi da iyalinsa duka.

Bayan wasu shekaru Bulus ya rubuta wa wannan ikilisiya wasiƙa, yana ɗaure a wani kurkukun, yana jiran shari'ar da za ta iya ƙarewa da kisa. Wasiƙar gajeriya ce, sura huɗu kaɗai, amma an ambaci murna da farin ciki a cikinta fiye da sau goma sha biyu. Mu kuma tuna da abin da ya lissafa a 2 Korantiyawa, sura 11: sau biyar an yi masa bulala 39, sau uku an dūke shi da sanduna, sau ɗaya an jejjefe shi, sau uku jirgin ruwa ya fashe da shi, ban da yunwa da ƙishirwa da sanyi. Mutumin da ya sha wannan duka shi ne yake ce mana mu yi murna. Saboda haka ba mai iya cewa bai san wahala ba.

Ina Tushen Wannan Farin Ciki?

Mu lura Bulus ya faɗi inda farin cikin yake: cikin Ubangiji. Jin daɗin da ke zuwa daga amfanin gona ko albashi ko lafiyar jiki abu ne mai kyau, kyautar Allah ce, amma yana zuwa yana tafiya kamar ruwan damina. Farin cikin Kirista yana kama da rijiya mai zurfi, wadda ko da rani ya tsananta ba ta ƙafewa. Tushensa shi ne sanin cewa Allah ya ƙaunace mu, Kristi ya mutu ya tashi dominmu, kuma cikin baftisma mun zama 'ya'yansa. Tsadar kasuwa ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. A daren da za a bashe shi, Yesu ya yi wa almajiransa alkawarin murnar da ba wanda zai iya ƙwace musu (Yahaya 16:22). A Galatiyawa 5:22 kuwa an lissafa farin ciki na biyu cikin albarkun Ruhu Mai Tsarki, bayan ƙauna. Ashe aikin Ruhu ne a cikinmu, roƙonsa ake yi.

Annabi Habakuk ya riga ya koyar da haka a ƙarshen littafinsa. Ya zana shekarar da itatuwa ba su yi 'ya'ya ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke da turke duk sun zama wayam, ya ce duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Kowane manomi a cikinmu ya san nauyin wannan magana.

Wannan farin ciki bai hana hawaye ba. Ubangijinmu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Bulus ma, a cikin wannan wasiƙa ta murna, ya ce da Abafaroditas, wanda Filibiyawa suka aiko masa da gudummawa, ya mutu a ciwon da ya yi, da baƙin cikinsa ya ninku. Don haka kada mu tsauta wa gwauruwa don tana kuka, kada kuma mu ce wa mai makoki bangaskiyarsa ta raunana. Kirista yana kuka, amma da bege yake yinsa.

Wadar Zuci Koyonta Ake Yi

A aya 11 da 12 Bulus ya ce koyo ya yi har ya iya zama da wadar zuci, ko da ƙoshi ko da yunwa, ko cikin yalwa ko cikin rashi. Wannan ya kamata ya ƙarfafa mu. In babban manzo sai da ya koya, mu ma kada mu fid da zuciya don mun ga har yanzu muna gunaguni. Mu lura kuma ya haɗa da yalwa. Zaman yalwa ma yana bukatar koyo, domin sau da yawa mai samu ya fi marar samu rashin kwanciyar rai. Ku tuna da mai arzikin nan na Luka sura 12, wanda ya ƙudura rushe rumbunansa ya gina manya, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, Bulus kuma ya gargaɗi Timoti cewa son kuɗi ya ɓad da waɗansu daga bangaskiya (1 Timoti 6:6-10).

Aya 13, wadda take maganar iya kowane abu da ƙarfin Kristi, muna ganinta a rubuce a jikin motoci da bangon shaguna. Waɗansu masu wa'azi sun mai da ita alkawarin dukiya da nasara a kowace sana'a. Amma wanda ya karanta ayoyin da suka gabace ta zai ga cewa ɗan sarƙa ne yake shaida yadda Kristi ya ƙarfafa shi ya jure yunwa bai karai ba, ya sami ƙoshi bai yi girmankai ba. Duk koyarwar da ta ce talauci ko ciwo alama ce ta rashin bangaskiya ta saɓa wa rayuwar manzanni, ta saɓa wa gicciyen Kristi.

Kada Mu Fahimce Ta a Karkace

Wadar zuci dabam take da ragwanci. Bulus ya yi sana'ar ɗinkin tanti da hannunsa don kada ya nawaita wa kowa, ya kuma tsauta wa Tasalonikawa masu zaman banza. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Mu yi noma, mu yi ciniki, mu sa yara a makaranta, sa'an nan mu bar sakamako a hannun Allah.

Haka kuma wadar zuci ba ta ce mu yi shiru a kan zalunci ba. Da gari ya waye a Filibi, mahukunta suka aiko a saki Bulus da Sila a ɓoye. Bulus ya ƙi. Ya ce an dūke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, alhali suna da 'yancin Romawa, sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka zo kuwa, suka ba su haƙuri. Wanda ya raira waƙa da tsakar dare shi ne ya nemi hakkinsa da safe. Ma'aikacin da aka hana albashinsa yana da ikon nema ta hanyar da ta dace, ba tare da ƙiyayya a zuci ba.

Shaidu Biyu

An haifi Waliyya Josephine Bakhita a yankin Darfur na ƙasar Sudan wajen 1869. An sace ta tana ƙarama, aka sayar da ita sau da dama, har tsoro ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. An kai ta Italiya a 1885. Da uwargijiyarta ta so ta komar da ita, ta ƙi, kotu kuwa ta tabbatar da 'yancinta a 1889. Aka yi mata baftisma a 1890, ta shiga zuhudu, ta yi shekaru masu yawa tana dafa abinci da tsaron ƙofa a garin Schio. An san ta da fara'a da tawali'u, ta kuma gafarta wa waɗanda suka zalunce ta. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947, Paparoma Yahaya Bulus na Biyu ya sa ta cikin tsarkaka a shekara ta 2000.

Kadinal Van Thuan na ƙasar Biyetnam an kama shi a 1975, yana Bishop, ya yi shekara 13 a tsare, tara daga ciki shi kaɗai a ɗaki. Yakan yi Misa da ɗigo uku na ruwan inabi da ɗigo ɗaya na ruwa a tafin hannunsa. Kirkinsa ya sa waɗansu masu gadinsa suka zama abokansa. An sake shi a 1988, ya rasu a 2002.

Abin da Za Mu Yi

Na fari, mu haɗa roƙo da godiya, kamar yadda aya 6 ta koyar. Kowane dare, kafin iyali su kwanta, kowa ya faɗi abu ɗaya da Allah ya yi masa a yinin. Na biyu, mu daina auna kanmu da maƙwabta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Bashin da ake ci don biki ya fi na wani ya rushe gidaje da yawa. Na uku, mu bayar. Ikilisiyoyin Makidoniya suna cikin matsanancin talauci, amma su ne Bulus ya yaba wa a kan yawan murna da hannu sake (2 Korantiyawa 8:1-2). Na huɗu, mu kusaci furcin zunubi da Jibin Ubangiji, gama zuciyar da ke ɗauke da laifi ko gaba ba ta samun salama. Shi ya sa Bulus ya roƙi Afodiya da Sintiki su shirya, kafin ya yi maganar murna.

Ikilisiya tana tuna mana da wannan kowace shekara. A Lahadi ta uku ta lokacin Jiran Zuwan Ubangiji, da Lahadi ta huɗu ta Azumi, an yarda Fada ya ajiye tufafi masu launin shunayya ya sa masu ruwan hoda, alamar murna a tsakiyar tuba. Paparoma Bulus na Shida ya rubuta wasiƙa a kan farin cikin Kirista a 1975, Paparoma Francis kuma ya rubuta tasa a kan murnar Bishara a 2013.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Wane abu ne, in aka ɗauke maka shi yau, kake jin farin cikinka zai tafi tare da shi?
2. Ta yaya za mu bambanta wadar zuci da ragwanci a gidajenmu?
3. Wane ne a ikilisiyarmu yake cikin rashi ko makoki, wanda ƙungiyarmu za ta ziyarta a wannan mako?

Addu'a

Ya Allah Uba Mai Iko Duka, kai da ka sa waƙa a bakin bayinka cikin kurkuku, ka koya mana gode maka cikin samu da rashi. Ka ba mu abincin yini, ka tsare zukatanmu daga kwaɗayi da fid da zuciya, ka ta'azantar da masu kuka a cikinmu. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.